Saƙon da ke sa miki ya warke: abin da bincike ya gano a kan ekzozom, da abin da ake sayarwa

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon sukari ko mai amosanin jini ya san gyambo. Da ƙaramin miki yake farawa, a tafin ƙafa ko a gefen idon sawu, irin wanda a jikin mai lafiya kwana goma sun isa ya kame. A jikin waɗannan bayin Allah kuwa sai ya samu wurin zama. A wanke, a ɗaure, a sayi magani, wata ya bi wata, wani lokaci shekara ta zagayo mikin yana nan da bakinsa buɗe. Ɗan kasuwar da ya kamata a gani a rumfarsa yana kwance a gida, ma'aikacin gwamnati ya ƙarar da albashinsa a farmasi tun wata bai raba ba, daga ƙarshe kuma likita ya ambaci maganar da kowa ke gudu, wato yanke ƙafa.

Mai irin wannan lalura, in ya shiga neman mafita a intanet ko a asibitocin kuɗi na ƙasashen waje, da wuya bai ci karo da wani sabon suna ba. Haka ma mai sarin kayan shafe-shafe daga Dubai ko ƙasashen Asiya. A kan kwali ana rubuta shi exosome, da Faransanci da Ingilishi duka ɗaya ne, a baki kuwa ekzozom. Masu talla suna cewa yana warkar da miki, yana gyara gwiwa, yana tsirar da gashi, yana mai da tsohuwa yarinya. A bayan sunan akwai ilimi na gaskiya wanda aka yi shekaru arba'in ana tarawa. Tsakanin ilimin da tallar kuwa akwai tafiya mai nisa, kuma mai shirin fitar da miliyoyin sefa yana da haƙƙin sanin inda aka tsaya.

Yaƙin da ya ƙi ƙarewa

Kafin a gane amfanin ekzozom sai an gane abin da ke hana miki warkewa. Tun ƙarni na farko na Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafta alamomi huɗu na abin da likitoci ke kira kumburi: wurin ya yi ja, ya tashi, ya yi zafi, ya yi ciwo. Mutane suna ɗaukar waɗannan alamomi a matsayin cutar kanta, alhali kuwa aikin jiki ne na kare kansa. Da zarar fata ta tsage, jini yakan daskare ya toshe ƙofa. Sa'an nan fararen ƙwayoyin jini su yi tururuwa zuwa wurin, su kashe ƙwayoyin cuta, su narkar da naman da ya mutu. Mugunya, galibinta, gawarwakin waɗannan mayaƙa ce.

A cikinsu akwai wata babbar ƙwaya da ake kira makrofaj, ma'ana babban maciyi. Masanin nan na Rasha, Metchnikoff, wanda daga baya ya yi aiki a cibiyar Pasteur ta Faris, shi ya fara lura da irin wannan aiki a 1882, lokacin da ya soka ƙayar fure a jikin ɗan tsakon wata halittar teku, washegari ya tarar wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe. Abin da aka fahimta daga baya shi ne makrofaj yana da fuska biyu. A kwanakin farko soja ne: yana haɗiye ƙwayoyin cuta, yana fesa sinadarai masu ƙona duk abin da suka taɓa, yana kiran ƴan'uwansa su ƙaro ƙarfi. Bayan ƴan kwanaki, in abokan gaba sun ƙare, sai ya ajiye makami ya zama shugaban magina. Shi ke kiran ƙwayoyin da ke saƙa sabon nama, shi ke ba da umarnin a shimfiɗa sababbin hanyoyin jini, har fata ta rarrafo daga gefe ta rufe wurin. Masana suna kiran fuskar farko M1, ta biyu M2, ko da yake su da kansu sun yarda cewa wannan rabo sauƙaƙawa ce, tsakanin biyun akwai matakai da yawa.

A gyambo, wannan juyi ne ba ya faruwa. Sukarin da ya yi yawa a jini yana lalata ƙananan jijiyoyin jini, yana kashe jin ciwo a ƙafa, yana kuma riƙe makrofaj a halin yaƙi. A amosanin jini, jajayen ƙwayoyin da suka lanƙwashe kamar lauje suna toshe hanya, wurin ya rasa iska, ya yi ta ƙuna daga ciki. Sojojin suna nan a fili, suna rusa duk abin da magina suka ɗora. Irin wannan kumburi da ya wuce iyaka shi ne kuma ke lalata huhu a cutar numfashi mai tsanani, da ƙoda, da zuciya bayan jijiyarta ta toshe. Magungunan kwantar da kumburi irin su kortizon suna da amfani a wurarensu, amma suna tsai da sojan ne da maginin gaba ɗaya, shi ya sa mai yawan shansu mikinsa ke jinkirin kamewa. Abin da likitoci suka daɗe suna nema shi ne mai shiga tsakani, wanda zai ce wa sojan ya isa, ya kuma sa shi kama aikin gini.

Baƙin da ba su zauna ba

An fara zaton an samu wannan mai shiga tsakani a cikin ƙwayoyin tushe, waɗanda takardun Faransanci ke kira cellules souches. Jikin ɗan Adam yana da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kusan kowace da sana'arta da ba ta sakewa. Ƙwayar tushe ita ce wadda ba ta kama sana'a ba tukuna, tana iya hayayyafa, ƴaƴanta kuma su zama iri dabam-dabam. A shekarun 1960 da 1970, Alexander Friedenstein a Mosko ya gano wani irinsu a cikin ɓargo, masu iya zama ƙashi ko guringuntsi ko kitse. A 1991 Ba'amurke Arnold Caplan ya raɗa musu sunan da ya bi su har yau, ƙwayoyin tushe na mezankim. Daga baya aka same su a kitsen jiki, da cibiyar jariri, da mabiyiya. Ya kamata a lura da wannan, domin masu tambaya ta fuskar addini: irin waɗannan ƙwayoyi daga jikin baligi ake ɗebo su, ko daga abin da ake binnewa bayan haihuwa. Ba su ne na ɗan tayi ba, waɗanda aka yi ta jayayya a kansu a ƙasashen Turai da Amurka.

Fatar da aka yi a farkon shekarun 2000 mai sauƙi ce: a ɗura ƙwayoyin a jini, su nemi wurin da ya lalace, su zauna, su zama sabuwar tsokar zuciya ko sabuwar ƙoda. Dabbobin gwaji kuwa suna samun sauƙi. Amma da aka bi sawun ƙwayoyin sai lissafi ya ƙi fita. A 2005 wani ayarin bincike a Amurka ya ga zuciyar ɓeraye ta samu kariya cikin ƙasa da awa 72, lokacin da bai isa a ce an gina sabuwar tsoka ba. A 2009 ayarin Darwin Prockop ya nuna cewa mafi yawan ƙwayoyin da aka ɗura a jijiya ba su ma kai zuciya ba. Girmansu ya sa suka maƙale a ƙananan hanyoyin jinin huhu, cikin ƴan kwanaki kuma suka ɓace. Duk da haka zuciyar ta amfana, domin daga can huhun suna aiko da wani furotin mai kwantar da kumburi.

Ɗan kasuwa zai gane wannan nan take. Alhajin da ke Maraɗi ba sai ya je Agadas da ƙafarsa ba kafin kayansa su isa, direba kawai yake ba wa saƙo a tasha. Masu bincike suka ce, to, in haka ne a bar alhajin a gida, a nemo saƙon. Suka ɗebi ruwan da aka yi renon ƙwayoyin a ciki, suka tace shi babu ƙwaya ko ɗaya, suka yi wa dabbobi allurarsa. Wani haɗin gwiwa na masanan Holan da na Singafo ya gwada haka a kan aladun da aka toshe wa jijiyar zuciya, a wajen 2007, ɓarnar ta ragu ƙwarai. Da suka rarraba ruwan bisa girman abin da ke cikinsa, sai suka tarar ƙarfin yana tare da wani abu da ya fi kowane furotin guda girma nesa ba kusa ba. A 2009 ayarin Giovanni Camussi a Turin ta Italiya ya farfaɗo da ƙodar ɓeraye da wasu ƴan ƙunshi da ƙwayoyin tushe ke fitarwa, a 2010 kuma ayarin Sai Kiang Lim a Singafo ya tabbatar cewa abin da ya kare zuciya ekzozom ne. Caplan kansa, a 2017, ya nemi a canza sunan da ya raɗa, yana mai cewa aikin waɗannan ƙwayoyi a jiki aika saƙo ne, kuma sunan tushe yana ba ƴan damfara damar yi wa marasa lafiya alkawarin sabon nama.

Sharar da ta zama wasiƙa

Su ƴan ƙunshin an san da su tun kafin wannan, sai dai ba a ɗauke su a bakin kome ba. A 1967 Peter Wolf a Birmingham ta Ingila ya ga wani abu a ruwan jini ya kira shi ƙura. A 1983 ayari biyu, ɗaya a Saint Louis ta Amurka, ɗaya a Montreal ta Kanada, suka lura cewa jar ƙwayar jini, yayin da take balaga, tana tattara kayan da ba ta bukata a cikin ƴan ƙananan ƙunshi ta jefar waje. Rose Johnstone ta Montreal, wadda ta yi aikinta da jinin tumaki, ita ta sa musu suna ekzozom a 1987. Shekaru kusan goma ana ɗaukarsu kwandon shara. A 1996 Graça Raposo ta nuna cewa ƙunshin da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ke fitarwa yana iya tayar da wasu ƙwayoyin su kama aiki. A 2007 kuma, a Gotebog ta Suwidin, Hadi Valadi da Jan Lötvall suka gano cewa a cikin ƙunshin akwai ARN, wato rubutaccen umarni irin wanda ƙwaya ke karantawa ta san furotin ɗin da za ta ƙera, kuma ƙwayar da ta karɓi ƙunshin tana iya karanta shi. Daga ranar shara ta zama wasiƙa.

Ƙanƙantarsu ta wuce abin da hankali ke saurin kamawa. Faɗin guda yana tsakanin nanomita 30 da 150, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Sai an jera wajen 700 kafin su kai kaurin silin gashin kai, wajen 70 kafin su ƙetare jar ƙwayar jini guda. Madubin asibiti na yau da kullum ba ya ganinsu. Bangonsu na maiƙo ne, irin na ƙwayar da ta haife su, shi ke kare abin da ke ciki daga narkewa a hanya. Kusan kowace ƙwaya ta jiki tana fitar da su, ana samunsu a jini, da fitsari, da miyau, da nonon uwa. Ekzozom iri ɗaya ne kawai a cikin dangin ƴan ƙunshin, kuma da yake raba irin da irin yana da wuya, masana na gaskiya sun fi son sunan dangin gaba ɗaya. Ƴan talla ne suka riƙe kalmar ekzozom domin ta fi daɗin faɗa.

To me ke cikin na ƙwayoyin tushe, kuma yaya yake aiki? Babban mai karɓar saƙon shi ne makrofaj, domin dama sana'arsa haɗiya ce. A gwaje-gwaje masu yawa, a kwano da a jikin dabba, makrofaj ɗin da ya haɗiye waɗannan ƙunshi yakan rage fitar da sinadaran yaƙi irin su TNF da IL-1, ya ƙara fitar da na sulhu, musamman IL-10. Wato ya juya daga fuskar farko zuwa ta biyu, juyin nan da gyambo ya rasa. Ana danganta wani ɓangare na wannan ga wasu gajerun ARN da ake kira mikro-ARN, waɗanda aikinsu toshe bakin wani umarni ne don kada a karanta shi. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba 146a, yana rage ƙarfin hanyar da ke kunna kumburi a cikin ƙwaya. Gano mikro-ARN shi ya kai Victor Ambros da Gary Ruvkun ga kyautar Nobel a 2024.

Akwai wata hanyar da ba ta bukatar a buɗe ƙunshin ma. Ƙwayar da ta ji rauni takan zubar da wani sinadari, ATP, wanda a waje yake zama kururuwar neman agaji. A jikin bangon ƴan ƙunshin akwai wani furotin, CD73, wanda ke kammala mai da wannan kururuwa wani sinadari mai suna adenozin, shi kuwa lallashi ne ga garkuwar jiki. Ban da haka ƙunshin yana ƙara yawan wani rukuni na ƙwayoyin garkuwa da aikinsu shi ne tsawata wa ƴan'uwansu.

Ta fuskar gini, an ga ƙunshin yana hana ƙwayoyin da suka jigata mutuwa, yana sa bangon jijiyar jini ya yi reshe, yana zaburar da masu saƙa nama. A 2015 masana a lardin Jiangsu na Sin sun yi wa ɓerayen da aka ƙona allurar ƙunshin da aka samo daga ƙwayoyin cibiya, fata ta rufe da sauri, suka kuma nuna cewa wani furotin mai suna Wnt4 da ke cikinsa yana da hannu a aikin. A kan takarda, fifikon ƙunshi a kan ƙwaya a fili yake: ba shi da rai, saboda haka ba ya hayayyafa ya zama ƙari, ba ya toshe hanyar jini a huhu, ana iya tace shi a raba shi da ƙwayoyin cuta, ana iya ajiye shi a kwalba.

Inda maganar ke rawa

Kalmar da ta fi yawa a cikin abin da ya gabata ita ce ɓera, kuma a nan ne mai hankali zai yi tsai. Mikin ɓera yana rufewa ne galibi ta hanyar tattarewar fata, domin fatarsa sako-sako take, na mutum kuwa sai an cike ramin da sabon nama. Ɓeran gwaji matashi ne, a ɗaki mai tsabta, mikinsa na jiya ne. Dattijon da ya yi shekara ashirin da sukari, jijiyoyinsa sun ƙanƙance, wani al'amari ne dabam.

Hatta yadda ƙunshin ke aiki ba a gama daidaitawa a kai ba. A 2014 wasu masana a Seattle suka ƙidaya, suka tarar ko mikro-ARN ɗin da ya fi yawa bai kai guda ɗaya a cikin ƙunshi 100 ba. Ke nan mafi yawan ambulan ɗin babu wasiƙar da ake magana a ciki, abin da ya sa wasu ke ganin furotin ne ke ɗauke da nauyin aikin. In an ɗura ƙunshin a jijiya kuma, cikin mintoci mafi yawansa ya bar jini, hanta da saifa sun tsince shi. A 2017 ayarin Francesco Dazzi a Landan ya zo da wani bayanin: ƙwayoyin tushen da aka ɗura sai garkuwar jiki ta kashe su, makrofaj ya haɗiye gawarsu, sa'an nan kumburi ke kwantawa. Mai yiwuwa duka hanyoyin suna aiki tare.

Matsalar da ta fi girma ita ce ta ma'auni. Tsohuwar hanyar tace ƙunshin ita ce a juya ruwan a inji da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 100.000, fiye da awa guda, kuma abin da ya kwanta a gindin kwalba gauraye ne da tarkace. Wanda ya ba da ƙwayar, shekarunsa, abincin da aka yi renonta da shi, yawan lokacin da ta yi a kwano, duka suna canza abin da ke cikin ƙunshin. Ayarin Bernd Giebel a Essen ta Jamus ya nuna cewa haɗi biyu da aka yi ta hanya ɗaya, ɗaya na iya aiki a jikin ɓera ɗaya ya ƙi. Kwayar farasitamol ta miligiram 500 ɗaya ce a Tawa da a Tokiyo. Ekzozom kuwa har yanzu ana muhawara ko da yawan ƙunshi za a auna shi ko da nauyin furotin. Ƙungiyar masanan fannin ta duniya ta fitar da ƙa'idojin aiki sau uku, a 2014 da 2018 da 2023, domin kawai a tabbatar masu bincike abu ɗaya suke nufi in sun ambaci sunan. Sa'an nan saƙo bai zama lallai na alheri ba: ayarin David Lyden a New York ya nuna, a 2012 da 2015, cewa ciwon daji ma da irin waɗannan ƙunshi yake share wa kansa masauki a huhu ko hanta kafin ya yaɗu. Abin da ke sa jijiyar jini ta yi reshe a miki ba a so ya yi haka a kusa da ƙari.

A jikin mutane, abin da aka tara kaɗan ne. A 2014 a Essen aka ba majinyaciya guda ƙunshin, bayan dashen ɓargo ya juya yana yaƙar fatarta da hanjinta kuma magunguna sun gaza. Zawo da ciwon fata suka lafa, aka rage mata kortizon, bayan wasu watanni ciwon huhu ya yi ajalinta. A 2016 likitoci a Masar suka ba da rahoton gwaji a kan mutum 40 masu ciwon ƙoda, rabi aka ba su ƙunshin ƙwayoyin cibiya, aka ga alamun sauƙi a awon jininsu. A 2023 aka buga sakamakon wani gwaji a Amurka a kan mutum 102 da cutar korona ta lalata wa huhu: ba a ga wata illa ta musamman ba, amma bambancin mace-mace tsakanin rukunan bai kai matsayin da za a kafa hujja da shi ba. Waɗannan alamu ne masu ƙarfafa gwiwar mai bincike, ba su kai a rubuta wa mara lafiya takardar magani ba.

Ko iyayen ƙunshin ma, wato ƙwayoyin tushen, tafiyarsu ta yi tsawo. Sai a watan Disamba na 2024, shekara 33 bayan raɗa musu suna, hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da maganin farko da aka yi da su, mai suna Ryoncil, shi ma domin yaran da dashen ɓargo ya juya musu kaɗai. A cikin wannan watan ne kuma aka janye Alofisel daga kasuwar Turai, wanda aka amince da shi tun 2018 domin yoyon dubura na masu wani ciwon hanji, bayan babban gwaji ya kasa nuna ya fi allurar da babu magani a ciki.

Kasuwa ta riga malamai

Har zuwa 2025, babu maganin ekzozom ko ɗaya da FDA ko hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi, ga kowace cuta. Wannan bai hana asibitocin kuɗi a ƙasashe da dama sayar da allurarsa ba. A ƙarshen 2019, a jihar Nebraska ta Amurka, wasu mutane sun kwanta rai a hannun Allah, ƙwayoyin cuta sun shiga jininsu, bayan an yi musu allurar wani haɗi da aka ce ekzozom ne, har FDA ta fitar da gargaɗi ga jama'a a watan Disamba na shekarar. Ruwan da aka samo daga jikin wani mutum, in ba a binciki mai shi ba, ba a kuma haɗa shi cikin tsabtar masana'antar magani ba, yana iya ɗauko abin da ya fi gyambon muni.

Mai sarin man shafawa ma akwai abin da ya kamata ya sani kafin ya biya kuɗin kaya da na duwan. Dokar Tarayyar Turai ta hana sa duk abin da aka samo daga jikin ɗan Adam a kayan kwalliya. Saboda haka kwalbar da aka sayar bisa doka a Faransa da wannan suna a jikinta, abin da ke ciki daga tsiro yake ko wata halitta, kuma binciken da aka zayyana a sama bai shafe shi ba. Lafiyayyar fata kuma shinge ce da aka halitta domin hana irin waɗannan abubuwa shiga.

Wanda aka yi wa tayin allurar a waje yana da ƴan tambayoyin da ke raba gwaji na gaskiya da ciniki. Wace hukumar ƙasa ce ta ba da izni, kuma ga wace cuta? In an ce gwaji ne, ina lambar rajistarsa, wane kwamiti ya duba shi? A al'adar bincike, mai shiga gwaji ba ya biyan kuɗin maganin da ake gwadawa a jikinsa. Wurin da ya ce kwalba guda tana maganin sukari da gwiwa da sanƙo da shanyewar jiki ya riga ya ba da amsa.

Shi kuwa gyambon da ke ƙafa yau, abin da aka tabbatar yana aiki a kansa tsoho ne kuma yana nan kusa: daidaita sukari, barin likita ya kankare mataccen nama ko da akwai zafi, ɗauke nauyin jiki daga kan mikin, antibiyotik in ƙwayoyin cuta sun shiga, da auna ko jini yana isa ƙafar. Mai sukari yana da damar duba ƙafarsa sau biyar a yini wajen alwala, ya tsane tsakanin yatsu, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya guji taka rairayi mai zafi ba takalmi, tun da ƙafar da ta daina jin ciwo ba ta kai ƙara. Masu amosanin jini suna da cibiyar ƙasa ta musamman a Yamai.

In ranar ekzozom ta zo, akwai dalilin zaton ta ƙofar miki za ta fara shigowa, domin abin da aka ɗora kai tsaye a kan rauni bai bi ta hanta da saifa ba balle su tsince shi, kuma sakamakonsa ana aunawa da ido da santimita. Kayan aikin ma ba su da wuyar samu a ƙasar da ke cikin masu yawan haihuwa a duniya, sai dai cibiya da mabiyiya suna da daraja a al'ada, ungozoma ke binne su a gida, kuma karɓarsu domin magani zai bukaci yardar iyaye da bakin malamai. Babban cikas shi ne sanyi. A ɗakunan bincike ana ajiye ƙunshin a digiri 80 ƙasa da sifiri, abin da firigon farmasi ba ya yi, balle a watan Afirilu da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta ke yawan ɗaukewa. Shi ya sa aikin da ya fi shafar yankin Sahel a wannan fanni shi ne wanda ba a cika jin labarinsa ba: ƙoƙarin busar da ƙunshin ya zama gari, tare da wani irin sukari mai suna tirehaloz da ke hana bangonsa fashewa, yadda za a iya ɗauko shi a mota daga Yamai zuwa Damagaram a jiƙa shi a gefen gadon mara lafiya.